Ƙofofi Tara na Tsahara

Tsahara ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ƙarfe bakwai da rabi, ina tsaye a bakin ƙofata da 'yar kwalba wankakkiya a hannu. Na riga na tsara faɗan da zan yi mata a kan makara, har na zaɓi kalmomin. Sai waya ta yi ƙara. Rakiya ce, 'yarta.

Ta ce, "Khala, Allah ya yi wa Mama rasuwa." Khala, wato inna, take kirana, irin na mutanen Jidda.

Na ce, "Wace Mama?"

Ni da na shafe shekara talatin ina fassara maganar mutane, jumla guda ta Hausa ta gagare ni fahimta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan sallar asuba ne, a kan dardumarta, babu jinya, babu asibiti. Rakiya ta ce jakarta tana jingine da bango, ta riga ta zuba ƙanƙara, ta jera kwalabe. Ta gama shirin fita ke nan.

Waɗanda suka san ni sun san ba na zuba zuciyata a shafin nan. Ina taya murnar aure da suna, ina gyara wa jikoki rubutunsu idan sun kwafsa, shi ke nan. Yau zan karya wannan ƙa'ida, domin akwai godiyar da ban taɓa yi wa matar nan ba tana raye, kuma girman kai ne ya hana ni, ba mantuwa ba.

Bari in fara daga farko, kamar yadda aka koya mana rubutu.

Fiye da shekara ashirin da suka wuce, ina aikin fassara a ɓangaren mata na wani ofis kusa da Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda. Ofishin wakilin wani kamfanin abin sha ne na ƙasar Japan. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ta'aziyya nake rubutawa, ba talla ba. Duk wanda ya taɓa buɗe firjin baƙala, wato kantin unguwa, a garin nan ya san 'yar kwalbar: gajeriya, ta roba, madara mai ɗan tsami da ɗan zaƙi, kurɓi uku ta ƙare.

A lokacin babu wanda ya san ta. Kwantenoni masu sanyi ne suka fara sauka a tashar, kuma ni aka miƙa wa littafin tarihin kamfanin in mayar da shi Larabci daga Ingilishi.

Har yau ina iya karanto shi da ka. Littafin ya ce wani masani ne ya fara abin a ƙaramin ɗakin bincike, a zamanin da ciwon ciki yake ɗauke yara a ƙasarsu. Ra'ayinsa biyu ne kacal: a kula da ciki tun ciwo bai zo ba, kuma kada abin ya fi ƙarfin talaka. Amma ba ɗakin binciken ne ya yaɗa kamfanin ba. Mata ne. Matan unguwa, kowace da jaka mai riƙe sanyi, wata a ƙafa, wata a kan keke, suna bin gidaje kowace safiya suna miƙa kwalba hannu da hannu. Da wannan tafiyar ƙafar ya cika tsibiransu, ya tsallaka zuwa ƙasashen maƙwabta, ya ƙetare teku zuwa Kudancin Amurka inda 'yan ƙasarsu suka yi ƙaura tun da daɗewa, ya shiga Turai, sannan ya iso gare mu.

Akwai shafi ɗaya da na fassara ban ba shi muhimmanci ba. Ya ce a can, matan nan sun ɗora wa kansu leƙa tsofaffin da suke zaune su kaɗai. Idan an ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ba a wucewa.

Na tuna na ce a raina, "Allah sarki, mutanen da ba su da dangi." Mijina yana raye a lokacin, gidana cike da yara da hayaniya. Ban san labarin tsufana nake fassarawa ba.

Tsahara kuwa ita ce mai dafa mana shayi. Mutuniyar Damagaram, doguwa, mai tsaga biyu a kunci, ba ta taɓa shiga aji ba. Tana kirana Abla, kamar yadda ake kiran malama a nan, ni kuma ina kiran sunanta kai tsaye ba tare da na ɗaga kai daga takarda ba.

Wata rana kamfanin ya turo wani ɗan Japan ya yi wa matan da za su riƙa ba mutane ɗanɗano a manyan kantuna bayani. Muhandis, wato injiniya, muke kiransa, domin sunansa ya gagari bakin kowa. Yana magana da Ingilishi, ina mayarwa Larabci. Wata ta tambaye shi ko a nan ma za a riƙa bin gidaje. Ya ce a'a. An ba su shawara cewa a garin nan mace ba ta buɗe wa baƙo ƙofa, don haka a kantuna kawai za a sayar.

Tsahara tana tsaye da tire a hannu. Ta ji Larabcin sarai. Ta matso kusa da ni, ta ce da Hausa, "Abla, faɗa masa wanda ya ba shi shawarar nan namiji ne."

Na ce mata, ƙasa-ƙasa, "Ajiye shayin ki fita, Tsahara. Ba wurin maganarki ba ne nan."

Haka na ce. Na rubuta shi yadda yake, domin ba zan gyara wa kaina tarihi a ranar mutuwarta ba.

Ba ta fita ba. Muhandis kuma ya lura. Ya ce, "Me matar nan ta ce?" A aikinmu, idan an tambayi mai fassara, ba ta da ikon ɓoye magana. Na fassara, fuskata a ɗaure. Ya nemi ta ci gaba.

Ta ce, "Uwata dillaliya ce. Babu gidan da ba ta shiga a Damagaram, har gidan da namiji bai taɓa ganin tsakar gidansa ba. Zane, turare, kwanuka, duk a kanta suke shiga. A nan Jidda ma matanmu suna yi, shi ne bai gani ba, don ba a gabansa ake buɗe ƙofar ba. Ƙofa tana buɗuwa. Sai dai a san mai ƙwanƙwasawa."

Na fassara kowace kalma. Ya rubuta a ɗan littafinsa na aljihu.

Kamfanin bai sauya tsarinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma bayan wasu watanni Muhandis ya dawo daga hutu da wani ƙunshi. Ya sa aka kira Tsahara. Jaka ce shuɗiya mai riƙe sanyi, irin ta matan can. Ya miƙa mata da hannu biyu, ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa tebur.

Ta ja da baya, ta ce, "Abla, ce masa ya miƙe. Ni ba alƙibla ba ce."

Wannan kam ban fassara ba, kuma bai tambaya ba.

Ta sa na karanta mata ƙa'idojin matan can daga littafin. A yi sallama. A miƙa da hannu biyu. A dubi fuskar mutum. A tuna abin da ya faɗa jiya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, da guntun Faransancin Damagaram, "Bon. Wato gaisuwa ce suka buga a littafi."

Ta bar dafa shayi. Mijinta direban motar sanyi ne tsakanin tashar da rumbun ajiyar kaya, shi yake sayo mata katan-katan. Ba ma'aikaciyar kamfanin ba ce, ba ta da kaki, ba ta da kati. Jakar kawai take da ita, da ƙafafunta, da sanin sunan kowace mace a layukan unguwar Madain Fahd.

A bangon ofishinmu akwai taswirar duniya, ana soka jar allura a duk ƙasar da kamfanin ya shiga. Na ga allurar tana ƙaruwa shekara bayan shekara. Aka mayar da Muhandis wata ƙasa domin ya je ya soka sabuwa. Kwalbar da muka yi ta roƙon mutane su ɗanɗana ta zama abin da yaro yake nunawa da yatsa a kowace baƙala. Na yi ritaya ina alfahari da cewa hannuna yana cikin wannan tarihin, ko da a gefen shafi ne.

Tsahara ba ta cikin littafin kowa. Ba a soka mata allura a taswira ba.

Rakiya ta sha yi mata magana a gabana. "Mama, khalas, ya isa haka, kowace baƙala akwai shi yanzu. Me kike yawo da jaka a ranar nan?"

Takan ce, "Baƙala ba ta san wadda ba ta tashi ba yau."

Da shekaru suka ja, ƙofofinta suka ragu. Masu ƙarfi suka koma sayen nasu a kanti, kuma ba ta ji haushi ba. Waɗanda suka rage mata tsofaffi ne. Zawarawa, da waɗanda 'ya'yansu suka yi nisa, da waɗanda ba su haifa ba.

Yanzu zan zo kan kaina.

Shekarata saba'in da huɗu. Mijina ya rasu, yarana sun kama gidajensu. Ina zaune ni kaɗai a hawa na biyu, a gidan da na yi shekara arba'in a cikinsa, da littattafaina, da tukunyata, da mabuɗina a hannuna. Ba na son a dafa mini, ba na son a zaɓa mini lokacin barci, ba na son a ce mini "Ummi, bari in ɗauko miki." Wannan ba ɗabi'a ce mai kyau duka ba, na sani. Amma tawa ce.

Shekara uku da suka wuce na zame a banɗaki, na karya wuyan hannu, na kasa tashi. Daga hantsi har la'asar ina kwance a kan tayil, wayata tana ɗaki. Ɗana Abdulhadi ne ya fasa ƙofa.

Abdulhadi haifaffen Jidda ne, yana aiki a wani wurin shaƙatawa a Abhur, bakin teku, can kuma yake zaune da iyalinsa. Daga asibiti ya ce ba zan koma gidana ba. Ya gyara mini ɗaki mai kallon ruwa. Na ce masa ban nemi ruwa ba. Muka yi kwana goma muna ja. Ya kawo maganar 'yar aiki, na ce duk wadda ya kawo, zan ba ta shayi in raka ta ƙofa. A ƙarshe ya kafa sharaɗi, da hawaye a idonsa.

Ya ce, "Ɗayyib, ya Ummi. Ki zauna. Amma sai in akwai wanda zai ga fuskarki kowace safiya. Ranar da babu shi, wallahi zan zo da mota, kuma ba za mu sake magana ba."

Na ce, "Ni ba a duba ni kamar tukunya a kan wuta."

Tsahara tana wurin, ta zo gaishe ni. Washegari ƙarfe bakwai da kwata ta ƙwanƙwasa. Ta miƙo mini kwalba da hannu biyu, ta ce, "Abla, alfarma nake nema. Butelin nan, in kin shanye, ki wanke mini shi. Ina zuba humra a ciki ina ba masu son gwaji. Amma kada ki ajiye a ƙofa, kyanwa tana ɗauka. Hannu da hannu za ki ba ni."

Kada wani ya ɗauka ban gane ba. Na gane tun kafin ta rufe baki. Babu mai zuba humra a kwalbar da ba ta da murfi, kuma babu kyanwa a hawa na biyu. Ita ma ta san na gane. Amma ta shirya maganar yadda ni ce mai yin alfarma, ita ce mai karɓa, kuma a haka kaɗai zan iya buɗe ƙofar ba tare da na ji an rage mini tsawo ba.

Shekara uku muka yi a kan wannan. Ba ta taɓa ce mini "Yaya jiki?" ba. Sai dai, "Abla, ina butelina?" Tana faɗa tana kallon idona, da yadda na riƙe ƙofa, da ko na ɗaura ɗankwali daidai. Idan ta sauka bene sai ta aika wa Abdulhadi saƙon murya. Na taɓa jin ɗaya a wayarsa. Kalma biyu ce: "Ta wanke."

Ranar da na yi zazzaɓi, ta ce kwalbar ba ta wanku ba, sai ta shigo ta sake wankewa da kanta. Ta fito daga kicin da kunu.

Ranar da aka cika shekara da rasuwar mijina, ta kawo biyu, ta zauna a kan matakala ta shanye ɗaya. Ba ta ambaci sunansa ba.

Ranar da na gyara mata Larabci a gaban maƙwabciya, ta ce, "Abla, Larabcinki ya kai ki ofis, nawa ya kai ni ɗakin kwanan mutane. Kowa ya riƙe nasa."

Jiya ne ganinmu na ƙarshe.

Ta iso tana haki, abin da ban saba gani ba. Na ce ta shigo. Ta shigo, ta zauna a kujerar mijina, ta ajiye jakar a kan cinya. Jakar nan ta sha ɗinki har shuɗin ya koma toka, igiyar ma ta uku ce.

Na ce, "Ki je asibiti."

Ta ce, "Jibi. Abla, ke mai alƙalami ce. Rubuta mini ƙofofina."

Na ce, "Shekara ashirin kina riƙe da su a ka, yau ne za ki manta?"

Ta ce, "Ban manta ba. Rubuta dai. Da Hausa, ba da Turancinki ba."

Na ɗauko takarda. Ta riƙa faɗa ina rubutawa, kowace ƙofa da sunan mai ita da layinta, da abin da ya kamata a sani. Ta farko kunnenta ya yi nauyi, sai an buga da tafin hannu. Ta uku kada a tambaye ta labarin ɗanta. Ta biyar takan ce ta ci abinci, a leƙa tukunya. Ta takwas, Hajiya Dije, ba ta shan abin sam, likita ya hana ta zaƙi. Idonta ya dushe, ba ta bambanta farar ƙwaya da rawaya, sai an ware mata na safe an sa mata a tafi.

Na ɗaga kai na ce, "Wadda ba ta sha, me ya kai ki ƙofarta?"

Ta ce, "Jakar ce take kai ni. Rubuta ta tara."

Na ce, "Wace ce?"

Ta ce, "Ta tara, Abla. Kada a tambaye ta lafiya. A tambaye ta buteli."

Na dube ta, ta dube ni. Shekara uku muna ɓoye wa juna abin da muka sani, ta zo ta sa na rubuta shi da hannuna. Na rubuta. Ta yi dariya har ta yi tari. Na miƙa mata takardar, ta ce, "Ajiye mini, gobe na karɓa."

Ta sauka bene a hankali, tana dafa bango. Ban raka ta ba, domin ita ma ba ta son a raka ta.

Yau ƙarfe tara Abdulhadi ya iso. Rakiya ta kira shi. Ya kai ni gidan rasuwar. A hanya muka tsaya a danja.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Khala Tsahara. Ummi, ɗakinki yana nan yadda yake. Ba yau nake nufi ba. Amma kin san maganarmu."

Na ce, "Na san maganarmu. Danja ta ba ka hannu."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma na san alkawari ne. Ina zaune a bayan motar ina lissafa littattafan da ɗakin Abhur zai iya ɗauka.

Gidan ya cika da mata. An riga an yi mata wanka, maza suna shirin ɗaukar ta domin sallar azahar. Na zauna kusa da Rakiya. A cikin masu gaisuwa na riƙa jin sunaye, sai na lura na san su, alhali ban taɓa ganin fuskokinsu ba. Na buɗe jakar hannuna. Takardar jiya tana ciki, ban ma san lokacin da na saka ta ba.

Na bi ta layi-layi, kamar mai kiran suna a aji. Biyar suna ɗakin. Biyu Rakiya ta same su a waya. Ta takwas wayarta tana ta ƙara, ba a ɗauka ba.

Rana ta kusa tsakiya. Tun asuba babu wanda ya ƙwanƙwasa wa Hajiya Dije.

Na miƙe. Na aika a kira mini Abdulhadi daga wajen maza. Ya ce, "Yanzu, Ummi? Ana shirin ɗaukar gawa."

Na ce, "Gawa tana da masu ɗaukar ta. Yalla, tada mota."

Layi huɗu ne tsakaninmu, ɗaki ɗaya a ƙasan bene. Na buga ƙofar. Kafin in sauke hannu aka buɗe. Tana zaune a kan kujera a bayan ƙofar, da mayafinta, da robar magunguna a cinya. A nan take tun bayan asuba. Ba ta karya ba, domin sai ta sha magani take ci. Wayar tana can ƙuryar ɗaki a kan caji, tana jin ta, tana tsoron in ta tashi a ƙwanƙwasa ba ta kusa.

Ta ce, "Ba hannun Tsahara ba ne wannan."

Na durƙusa, duk da gwiwata, na kama hannunta, na faɗa mata. Ban yi kwana-kwana ba. Ta yi salati, ta daɗe tana girgiza kai.

Ta ce, "Na san ba lafiya ba. Tsahara ba ta makara."

Na sa tabarau, na karanta rubutun likita, na ware mata na safe, na sa mata a tafi. Abdulhadi ya je baƙala ya kawo burodi da madara. Ta ci kaɗan. Sai ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata, ta yi tambayar da ba kuka a cikinta, ba roƙo.

"To, gobe wa zai zo?"

Na ce, "Ni."

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina.

Da muka fito, Abdulhadi ya tsaya a jikin mota bai buɗe ba. Ya ce, "Ummi, me kika faɗa mata? Ke da ake nema wa mai duba ki?"

Na ce, "Maimaita mini sharaɗinka, kalma da kalma."

Ya ce, "Wani ya ga fuskarki kowace safiya."

Na ce, "Ba ka ce a ƙofata ba. Daga gobe mata huɗu za su ga fuskata kafin ƙarfe takwas, a ƙofofinsu. Huɗun da suke nesa zan roƙi Rakiya. Kowace zan ba ta lambarka. Ranar da ban zo ba, ba saƙo ɗaya za ka samu ba, wayarka ce za ta hana ka aiki."

Ya ce, "Ɗaya daga cikinsu ba ta ma gani."

Na ce, "Ta gane ba hannun Tsahara ba ne tun daga bayan ƙofa. Za ta gane nawa."

Ya dubi ƙafafuna. "Da ƙafar nan, ya Ummi?"

Na ce, "Ƙafar nan ta yi ɗawafi kafin a haife ka, ta kuma yi a azumin da ya wuce, kai kana bayana kana haki."

Ya rufe fuska da hannu. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta haɗu da kukan. Ya ce, "Sanda. Za ki riƙe sanda, wannan ba na ja da baya a kansa."

Shekara uku ina ƙin sandar nan. Na ce, "Na yarda."

Mun koma gidan rasuwar bayan azahar. Na faɗa wa Rakiya abin da na yanke. Ta shiga ɗaki ta fito da jakar, ƙanƙarar ta narke, ruwa yana ɗiga daga ɗinkin. Ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa da hannu biyu. Ta ce ita za ta nemi wata jakar don nata ƙofofin huɗu.

Ga ta nan a gabana yanzu, na goge ta, na shanya a kan kujerar mijina.

Na fassara tarihin kamfanin da ya tashi daga ƙaramin ɗaki ya zagaye duniya, kuma na yi zaton na fahimce shi domin na san ma'anar kowace kalma. Matar da na ce wa ta ajiye shayi ta fita, ita ce ta fahimce shi. Ni na mayar da shi Larabci. Ita ta mayar da shi aiki.

Tsahara, ban taɓa ce miki na gode ba. Na gode. Kin bar mini mabuɗina a hannuna shekara uku, kuma ba ki bari na ji nauyin hakan ko sau ɗaya ba.

Ya Allah, ga baiwarka Tsahara ta iso ƙofarka da sassafe, kamar yadda ta saba isa ƙofofin bayinka. Ka buɗe mata. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi. Ka sa kowace matakala da ta hau domin wata tsohuwa ta zama daraja a gare ta a Aljanna. Ka ba Rakiya da 'yan'uwanta haƙuri, ka ba ƙafafuna ƙarfin abin da bakina ya ɗauka.

Ku da kuka karanta har nan, ina roƙonku abu biyu, kuma kun san ba na yawan roƙo. Ku ambaci sunanta a sujadarku ta yau. Sannan idan akwai tsohuwa mai zaman kaɗaici a benenku ko a layinku, ku ƙwanƙwasa mata gobe. In mai taurin kai ce irina, kada ku tambaye ta lafiya. Ku nemi wata alfarma a wurinta.

Ƙarfe bakwai da kwata zan fita, in Allah ya kai mu. Hajiya Dije ce farko.